Waƙar Kala da Aka Bar Inna da Ita

Shekarun baya can, lokacin ina sabon malami a wata sakandare a Dutse, na taɓa miƙewa tsaye a tsakiyar coci maƙil da jama'a na yi amshin waƙar mata da wannan murya tawa. Waɗanda suka san muryata a cikinku, ku yi dariyarku ku gama, sannan ku ji yadda aka yi. Gardamar da na ga kuna ta yi kwanakin nan ce ta tuno mini, wai wace irin waƙa ce ta dace da ɗakin sujada, kuma ko mawaƙin coci yana da hurumin taɓo zaluncin da ake yi a gari ko kuwa ya tsaya kan yabo ya yi shiru da sauran. Ni dai ba malamin tauhidi ba ne, ilimin aikin gona nake koyarwa. Abin da ya faru da ni kawai zan faɗa.

Ni Bahaushe ne, Kirista, haifaffen wani ƙauye a bayan Buji, kuma a haka na tarar da iyayena. In ka faɗi wannan a Dutse sai an sake duban ka. A makaranta abokan aiki sun ɗauka wasa nake yi da salla, har wani bawan Allah ya ja ni gefe ya yi mini nasiha mai ratsa jiki, da na gaya masa gaskiya ya fi ni jin kunya. A coci kuma, ranar da na fara zuwa da kaftani da hula, masu gadin ƙofa suka tsayar da ni suka laluba ni tun daga wuya har idon sawu, na kusa da ni suna wucewa da gaisuwa kawai. Ban ga laifinsu ba, zamanin ne ya zo da haka. Amma ko bayan an saba da ni, "ɗan'uwanmu Bahaushe" ake ce mini, sai ka ce ba da Hausar ake yin sujadar ba. Yawancin 'yan cocin ma'aikata ne da 'yan kasuwa daga kudancin Kaduna da Filato da Gombe, mutanen kirki, kowa da ƙungiyar 'yan garinsu da ke zama bayan an tashi. Ni ƙungiyata ni kaɗai ne a ciki, ni ne shugaba ni ne mataimaki. In an tashi sai in hau babur ɗina in koma gidan hayata a Yalwawa, in dafa taliya, in kunna fim. Finafinan Hausa nake kallo, ga mutane masu kama da ni da magana irin tawa, amma ban taɓa ganin mai zuwa coci a cikinsu ba. Finafinan da ake sayarwa a bakin coci kuma daga kudu suke zuwa, ba ka ganin mai cin tuwo da miyar kuka. Haka nake zaune, tuzuru, ba mai ce mini sannu da zuwa.

Da mahaifina ya rasu, ƙannena mata duk suna gidajen aurensu, sai na shiga lallashin mahaifiyata ta biyo ni. Na ce mata saboda hawan jininta ne da ciwon gwiwa, ga asibiti nan kusa. Wannan gaskiya ne, amma ni ma na gaji da zama kamar maye. Ta yi ta ja, daga baya ta ce to, za ta gwada zuwa bayan kaka. In zaman ya karɓe ta ta zauna, in bai karɓe ta ba in mayar da ita ɗakinta, kuma kada in yi mata gardama. Na amsa da sauri, don a raina na riga na gama cewa ba za ta koma ba.

Ya kamata ku san wace ce Inna. A cocin ƙauyenmu ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Ba ta san ko bihim a boko ba, a bakin turmi take ƙaga waƙoƙinta, ta kai wa mata, ita tana bayarwa su suna amsawa, ana buga tulu da ƙwarya. In ta ɗaga murya a wajen biki ko jana'iza, har matan unguwar Musulmi sukan leƙo. Amma a Dutse sai ta tarar da fiyano mai lantarki da jita da gangunan Turawa, kowa riƙe da littafi yana bin layi. Takan zauna a bencin mata da hannuwanta a cinya har a tashi. A gida ma ta daina 'yar waƙar da takan yi ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe. Nakan fita da safe in ja mata ƙofa, in dawo da yamma in same ta inda na bar ta, a kan tabarma, ta zuba wa katanga ido. In na tambaye ta lafiya, sai ta ce lafiya lau. Na soma tsorata ƙwarai.

Maƙwabciyarmu ce ta cece ni. Matar wani malami ce mai makarantar allo, katanga ce kawai tsakaninmu, gajeriya. Wata rana ta leƙo ta ce ita fa ba ta saba ganin babbar mace a kulle a gida ba mai ce mata uffan, ta zo ta taya ta ɓarar gyaɗa. Tun daga ranar suka ƙulle, wannan ta ce Yaya, waccan ta ce Yaya, ban taɓa gane wace ce babbar ba. Wata la'asar na dawo, tun daga zaure na jiyo abin da na daɗe ban ji ba. Inna ce ke bayarwa, matar Malam na amsawa. Na tsaya da babur a hannu ina saurare. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suka tsara abinsu ba tare da sun zauna sun tsara ba. Duk inda waƙar ta tsaya kan girman Allah da ruwan sama da haƙuri, matar Malam na amsawa da ƙarfinta. In an zo kan sunan Almasihu sai ta yi shiru ta ci gaba da ɓara, Inna ta haye wurin ita kaɗai, su sake haɗuwa a gaba. Na taɓa yi wa Malam zancen cikin ɗari-ɗari, ya yi murmushi ya ce shi dai in ba a bar masa tuwo ya ƙone ba, ba ruwansa da sha'anin mata.

Da kaka ta kama, wata ƙanwar matar Malam ta zo daga wajen Taura. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta zo neman ɗan abin da za ta riƙe su. A gaban Inna ta ba da labarin cewa bana babu kala. Ga waɗanda suka tashi a birni, kala ita ce tsintar abin da ya rage a gona bayan mai ita ya kwashe amfaninsa, zangarniyar geron da ta faɗi, gyaɗar da ta maƙale a ƙasa, waken da ya zube. Tun kaka da kakanni ba a hana mace shiga gona ta yi kala, kuma akwai gidajen da da ita suke kai wa bazara. To, matar ta ce wani mai babbar gona a wajensu, mutumin Dutse, ya fito da sabon salo. Tun kafin a ɗaure damin ƙarshe yakan sayar wa makiyaya duk abin da ya rage a filin, ranar da aka kwashe ranar shanu ke shiga. Makiyayan sun biya, ba wanda zai ce musu don me. Mata sukan zo da ƙoransu su tsaya a bakin gona su juya. Kuma ƙananan manoma sun fara koyi da shi.

Inna ta saurari labarin har ƙarshe. Amma washegari da safe na ji turmi na tashi a tsakar gidana, ita da likita ya hana daka, da waƙa a kansa:

Mai gona, ka ɗauki daminka,
abin da ya faɗi ba kai ka yar ba,
Mai sama ne ya ajiye wa wata.

Daga bayan katanga matar Malam ta amsa: "A bar musu kala."

Allah ya sani, rabon da in ji daɗi irin na safiyar nan na manta. Na tafi makaranta ina ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Na ce shi ke nan, zama ya karɓi Inna.

Ranar godiyar kaka ta matso, wadda kowa ke kawo amfanin gonarsa ko na sana'arsa gaban bagade, wato teburin gaban coci. Inna, da kanta, ta ce in kai ta taron zumuntar mata na tsakiyar mako. Ta koya musu waƙar, aka ce har rawa suka taka, suka ce ita za su yi ranar. Kwana kaɗan bayan haka sai ga uwar zumunta a gidana, ma'aikaciyar jinya ce mai fara'a. Ba ta nemi Inna ba, ni ta kira waje. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta fito da ita. Gonar nan ta Taura ta Baba Dattijo ce, babban dattijon cocinmu, wanda ya yi wa ginin rufi, kuma rabin matan zumuntar akwai alherinsa a gidajensu. Wata ce ta gano, zance ya zagaya. Ta ce ba wai waƙar ƙarya ba ce, amma ranar murna ce, za a ce habaici aka shirya masa. Ko Mama za ta ɗan gyara, a bar wajen godiya a cire wajen kala?

Na shiga na gaya wa Inna, ina sosa ƙeya. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, Malam take ce mini tun da na fara koyarwa.

"Malam, mai gonar yana zuwa cocin nan?"

Na ce yana zuwa, a gaba ma yake zama.

"To ai ya fi. Da na ɗauka ba zai ji ba."

Na ce Inna, cewa suka yi a cire.

"In an cire kala me ya rage? Mu gode wa Allah da ya ba mu, mu yi shiru da wadda aka hana? Ba haka aka karanta mana a Littafi Mai Tsarki ba."

Aka yi ta kai da kawo, har maganar ta je kunnen Fasto. Shi kuma, mutum ne mai gudun rigima, ya samo mafita. Zumunta za ta yi wata waƙar daban, Mama kuma a ba ta fili ta yi tata a matsayin waƙa ta musamman. Na yi murna har da yi masa godiya. A cocin birni, waƙa ta musamman ita ce mutum ya fito shi kaɗai da makirufo ya rera, jama'a su saurara, in ya gama a tafa masa. Na san haka sarai, amma ban kawo komai a raina ba. A duniyar Inna kuwa babu wata aba wai ita waƙar mutum ɗaya. Da na kai mata labari, tambaya ɗaya ta yi, su wa za su amsa. Na ce kowa da kowa, amshin ai guntu ne, ko yaro ya ji sau ɗaya ya riƙe, balle matan sun riga sun iya. Har zuciyata haka na zata.

Ranar Asabar matar Malam ta sa mata lalle, ta ara mata mayafinta mai kyau. Ta ce da a wani wuri ne ba coci ba, da ita ce a bayanta.

Lahadi coci ya cika har waje. Gaban bagade dammunan gero ne da doya da kabewa da kaji a ɗaure, buhunan Baba Dattijo a jere sun fi na kowa, shi kuma yana zaune a kujerar gaba cikin farar babbar riga. Aka kira "Mamanmu daga ƙauye". Ta taso a hankali saboda gwiwa. Aka miƙa mata makirufo, ta karɓa ta riƙe shi can ƙasa wajen ciki. Mai fiyano ya fara lalubar muryarta, ta ɗaga masa hannu ya bari. Sai ta bayar. Muryar ta fita tas, ta cika ɗakin nan ba da taimakon na'ura ba. Ta kai ƙarshen baitin ta tsaya, ta ɗan karkata kai, tana jiran a amsa.

Ba wanda ya amsa. Fankoki kawai ke juyawa.

Ta ɗauka ba su ji ba ne, ta sake bayarwa. Yawancin mutane, na tabbata, ladabi suke yi, suna jira ta ci gaba kamar yadda aka saba, wasu ma sun ɗaga waya suna ɗauka. Amma matan zumunta sun sani. Suna zaune cikin ankonsu, layi-layi, kowace ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane. Inna ta juya gaba ɗaya ta fuskance su, ta bayar a karo na uku. Ban taɓa ganin uwata ta rasa inda za ta sa idonta ba sai ranar.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na tsinci kaina a tsaye a ɓangaren maza, na buɗe wannan maƙogwaro nawa da ko a firamare sai da aka roƙe ni in riƙa motsa baki kawai, na ce: "A bar musu kala."

Yara suka ƙyalƙyale. Na kusa da ni ya ja mini riga. Inna ta dube ni, ta gyara tsayuwa, ta ba da baiti na gaba. Kuma ku sani, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta yi na matar da ta zo da ƙwarya ta koma da ita a kife, ta yi na yaran da ke jira a gida, ta yi na Mai gonar gaskiya da zai zo ya tambayi kowa. Duk baiti ni ke amsawa, ni kaɗai, gumi na bin bayana, murya na karyewa. Na yi ta sa rai wata za ta tausaya ta shigo. Akwai wata tsohuwa can baya da na ga leɓenta na motsi, iyakarta ke nan. Da aka gama sai tafi ya ɓarke kamar rufin zai tashi. Inna ta tsaya tana kallonsu, ba ta san me za ta yi da shi ba. Fasto ya ce Allah ya albarkaci Mama, aka wuce zuwa baiko, wato karɓar sadakar coci.

Bayan an tashi Baba Dattijo ya riƙe hannuna ya ce mahaifiyata akwai murya, irin ta mutanen da. Har yau ban san ko ya gane ko bai gane ba. Da yamma ya aiko mana da buhun gero. Inna ta sa aka tsallaka da shi gidan Malam, a ba baƙuwar Taura. Shekarar da ta biyo, na ji an ce shanu sun shiga gonar kamar yadda suka saba.

A ranar, kafin magariba, na same ta tana ninke zannuwanta. Na durƙusa na ce Inna, kin ga fa yadda suka tafa miki.

"Tafi ai na 'yan kallo ne, Malam. Ni ba wasa na je yi musu ba. In na bayar ba a amsa ba, ni da wa muka yi sujadar?"

Na ce a canza coci. Na ce ga matar Malam, ai tana amsa mata. Ta ce baiwar Allah nan ta yi mata abin da ba za ta manta ba, amma ba za ta bi ta gaban Ubangijinta ranar Lahadi ba, kuma bai kamata ta bi ta ba. Da na ga dabara ta ƙare sai na faɗi gaskiya. Na ce in ta tafi ni kaɗai zan koma, kuma na gaji. Na faɗa ina hawaye, ƙato da ni.

Ta ajiye zanen da ke hannunta, ta ce, "Na gani. Tun da na zo nake ganin irin zaman da kake yi, kuma yana cin raina. Amma kai ka iya shi. Ni in na ƙara shekara a nan, bakina zai rufe."

Alkawari na riga na yi, ban yi gardama ba. Ranar tafiya matar Malam ta rako ta har bakin zaure tana share ido da gefen mayafi, suka yi ta neman gafarar juna. Na kai ta tasha na samo mata kujerar gaba saboda gwiwa. Mota na shirin tashi ta leƙo ta taga ta ce muryar nan tawa ta ubana ce sak, shi ma bai taɓa iyawa ba, kuma shi ma bai taɓa barin ta ita kaɗai ba. Na tsaya a tashar har motar ta ɓace, na rasa dalilin da zai sa in yi saurin komawa gida.

Shi ya sa in na ga kuna musu kan ko a yi waƙar adalci a coci ko kada a yi, nakan ji kamar ba a nan matsalar take ba. Ba wanda ya hana Inna waƙarta. An ba ta fili, an ba ta makirufo, an tafa mata, an ce akwai murya. Mun iya sauraron gaskiya in an rera ta da daɗi, mu ɗauke ta a waya mu tura wa juna. Abin da ke da wuya shi ne ka buɗe bakinka ka maimaita ta, mai gonar na zaune yana ganin wanda ya faɗa. Ban riƙe matan nan a zuci ba, na san abin da ya rufe musu baki, kuma wasunsu har yau muna gaisawa. Ni ma ba jarumta ce ta tashe ni ba, uwata ce a tsaye.

Ta yi 'yan shekaru a ƙauye, ina zuwa duba ta duk ƙarshen wata, ba ta sake taka Dutse ba. Da rana tsaka ta rasu, ina aji ina koyar da yadda ake adana hatsi aka kira ni a waya. Ƙanwata ta ce ɗakin cike yake da matan zumunta, da ƙarfinta ya ƙare su suka riƙa bayarwa, ita tana amsawa da leɓe har ta daina. Na lissafa a raina, da tana wurina, a daidai wannan lokacin na ja mata ƙofa na tafi aiki. Ta yi daidai da ta tafi, na san haka, na kuma yarda. Amma har gobe in na tuna Lahadin nan nakan ji takaici, domin da mata biyu ko uku sun buɗe baki ranar, da na samu wasu shekaru ina dawowa daga aiki in tarar da uwata a gida.